Saran da Manaja Ya Manta

Akwai wani dattijo a Funtua mai suna Alhaji Sada Labo, amma in ka shiga gari kana tambayar wannan sunan sai ka sha yawo. Ka ce Manaja kawai, a nuna maka gidan. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a wani kamfanin gurzar auduga, goman ƙarshe yana kan kujerar manaja. Ya yi ritaya, kujera ta koma hannun wani, sunan kuma ya maƙale masa. Shi ma dai bai taɓa cewa a daina ba.

Asalinsa mutumin Tsiga ne, ɗan manoma gaba da baya. Wannan kuwa sai dai ka ji a bakin wanda ya san shi tun da can, don shi ba ya kawo zancen.

Bayan ritaya likita ya ce masa ya riƙa tafiya a ƙasa saboda hawan jini. Manaja guda ya riƙa zagaya unguwa a ƙafa, yara suna kallonsa? Ina! Sai shi da wasu abokansa, tsofaffin ma'aikata irinsa, suka samu wani fili a bayan gari ta hanyar Bakori. Suka sa aka share, aka haƙa ramuka tara, aka kafa 'yar rumfar kwano, suka ce sun buɗe kulob ɗin golf.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallo ce 'yar ƙarama fara, girmanta kamar ƙwan zabuwa. Ana bugunta da sanda mai kan ƙarfe tun daga nesa, a bi ta a sake bugu, har ta faɗa rami. Wanda ya gama ramukan da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A baki dai abu mai sauƙi.

Kowace shekara a watan Yuli mutum huɗu daga kulob ɗin sukan tafi Zariya su kara da 'yan wasan can. Shekara bakwai ana wannan tafiya, kuma shekara bakwai Manaja yana cikin huɗun. Wannan gurbin shi ne abin da ya rage masa na girma, kuma ya san da haka. Ya taɓa faɗa wa matarsa, Hajiya Bushra, cewa abin da yake tsoro a duniya shi ne ya zama tsohon da ake gaisarwa a wuce.

To bana sai hannunsa ya lalace.

Wani lokaci ya ɗaga sanda ya kawo bugu, ƙarfen ya nutse a ƙasa tun bai kai ga ƙwallo ba, ƙasa ta tashi, ƙwallo ta ɗan gangara taku goma ta tsaya. Wani lokaci kuma ya sami saman kanta, ta ruga a ƙasa cikin ciyawa ba ta ko ɗaga ba. A rami na shida akwai wani kwari da sai ƙwallo ta tashi sama take ƙetare shi. Ƙwallayen da Manaja ya zuba a kwarin nan tun farkon shekara sun isa cika ƙwarya.

Wata ranar Asabar kyaftin ɗin kulob, Alhaji Jibril, tsohon shugaban makarantar sakandare, ya ja shi gefe.

"Manaja, ina da magana, amma don Allah kada ka ɗauke ta da zafi."

"Ina jin ka, Kyaftin."

"Tafiyar Zariya. Mutum uku sun tabbata. Gurbi na huɗu ne ake ta surutu a kai. 'Yan kulob sun ce a gwada ku, kai da Abdussamad."

Manaja ya cire tabarau ya dube shi. "Abdussamad mai kantin magani? Yaron da ni na nuna masa yadda ake riƙe sanda?"

"Shi fa. Asabar ta ƙarshen watan Yuni, ramuka tara. Wanda ya ci shi zai tafi."

Yaron da ake magana shekararsa arba'in da biyu, da 'ya'ya huɗu. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya wuce babba bai rusuna ba. Yana da ƙarfin hannu, amma ciwonsu ɗaya da Manaja, tunda a wurinsa ya koya. Shi ma rabin bugunsa a ƙasa yake ƙarewa.

Manaja ya yi 'yar dariya ya ce ba komai, a gwada. Amma ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Daga nan fa aka shiga neman magani. Ya aika Abuja aka kawo masa sababbin sanduna. Ya sayi safar hannu, ya sayi takalmi mai ƙusoshi. Ya cika wayarsa da bidiyon Turawa masu koyar da bugu. Wannan ya ce a juya kafaɗa, wancan ya ce a kafe kai, wani ya ce sirrin a yatsu yake. Yau Manaja ya riƙe sanda haka, gobe ya canza. Hajiya Bushra ta kwashe fitilar falo da tangaran ɗinta ta kai ɗaki, don ya riga ya fasa mata madubi guda.

Duk da haka ƙwallo ta ƙi tashi. Kuma iya yadda yake son ta tashi, iya yadda yake ƙara jingina baya yana ƙoƙarin shiga ƙarƙashinta.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka a ƙarshen watan Mayu. Ranar wata Laraba ƙanwarsa ta zo daga Tsiga ganin likita saboda ciwon gwiwa. Sunan kakarsu aka sa mata, shi ya sa tun tana zanen goyo ake kiranta Tsohuwa. Yanzu shekara sittin da biyu, sunan ya cim mata. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune da 'ya'yanta, kuma har gobe ba ta yarda a yi shuka a gonarta ba ta nan.

Manaja ya kai ta asibiti, aka duba ta, aka rubuta magani. A hanyar dawowa, bayan la'asar, ya karkata mota ya nufi fili.

"Minti ashirin kawai," ya ce mata. "Ki zauna a mota."

Minti ashirin ya zama arba'in. Mota ta ɗau zafi. Tsohuwa ta buɗe ƙofa ta fito, ta gyara mayafi, ta tako a hankali har inda yayanta yake ta bugun ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya. Alhaji Jibril yana wurin, da Abdussamad, da wasu mutum biyu.

A nan sai na koma baya kaɗan. Mahaifinsu ya rasu Sada yana ɗan shekara goma sha uku. Tun daga lokacin shi ne mai saran shuka a gidan. A ƙasarmu in ruwa ya jiƙa ƙasa, namiji yakan ɗauki sungumi, wato 'yar fartanyar nan mai doguwar ƙota, ya bi layi yana tafiya yana sara rami a kowane taku. Wani kuma yana biye da shi da iri a ƙwarya, yana zubawa yana binnewa da diddige. Damina shida Tsohuwa ta yi tana bin bayan Sada. Mai zuba iri kuwa ba ya kallon mai sara, ƙasa yake kallo. Duk duniya babu wanda ya san ramin da hannun Sada yake yi kamar ita.

Saboda haka da ta iso, ba ta bi ƙwallo da ido ba kamar sauran. Ta tsaya tana duban tabon da ƙarfen yake bari a ƙasa. Ta dubi ƙafafunsa. Ta sake duban ƙasa.

"Yaya," ta ce, "wai ƙwallon kake nufi ko ƙasar?"

Manaja ya juyo. "Ba na ce ki zauna a mota ba?"

"Zafi ne ya koro ni. Na ga duk saranka a bayan ƙwallon yake faɗawa. Ga su nan a jere, kowanne kusan taƙi guda kafin inda ka ajiye ta."

"Ke ba ki gane ba. So ake ta tashi sama."

"To ai ba ta tashi ba."

Wani daga cikin mutanen ya yi tari don ya ɓoye dariya. Tsohuwa ba ta lura ba, ta ci gaba da maganarta tsakani da Allah.

"Da can ba ka sara sai ƙafar gaba ta taka, nauyinka ya hau kanta, sannan ƙarfe ya sauka. Shi ya sa raminka yake faɗawa wuri ɗaya kullum. Yanzu kuma na ga baya kake komawa, kana son ka kwaso ta kamar mai ɗiban miya da ludayi. Ga shi ka damƙe sandar har jijiyoyi sun fito. Sungumi ai ba a damƙe shi, Yaya, kai ka koya min. Sakinsa ake yi, nauyinsa ya yi aikin."

Alhaji Jibril ya ce, "Ikon Allah! Manaja, ashe ka riƙe sungumi?"

Fuskar Tsohuwa ta washe. "Riƙewa? Alhaji, duk Tsiga babu mai saransa a lokacin. In za a yi gayya har gida ake zuwa roƙon Innarmu ta bar shi ya je. Layinsa ko da igiya aka ja sai haka."

Ita yabo take yi, har cikin ranta. Shi kuwa Manaja ji ya yi kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Mutanen nan shekara da shekaru suna saninsa da kwat da mota da direba, yau ga shi an tsayar da shi a gona ba takalmi.

"Tsohuwa," ya ce, muryarsa a daƙile, "nan ba gona ba ce. Wannan wasa ne na ilimi, littattafai aka rubuta a kansa. Ke da ko sunan wasan ba ki iya faɗa ba, ke ce za ki gyara min? Wuce ki koma mota."



Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya." Ta juya tana ɗingishi.

Manaja ya ajiye wata ƙwallon ya buga, ƙasa ta tashi, ƙwallo ta gangara. Da ya ɗaga kai ya hango Abdussamad ya bi Tsohuwa, ya buɗe mata ƙofar mota, ya miƙa mata ruwa, ya durƙusa suna magana. Ya ce a ransa, yaron nan dai akwai ladabi. Bai ƙara tunanin abin ba.

Tun da safe niyyarsa ita ce ya kai ta har gida. Yanzu kuwa tashar Bakori ya nufa da ita. Da za ta sauka ta tsaya da hannu a kan ƙofa.

"Jibi za mu fara shuka in ruwa ya ƙara sauka. In ka samu sarari ka zo. Ko layi biyu ka yi, hannunka zai tuna."

"Ki gaida gida," in ji shi.

Washegari Hajiya Bushra ta tare shi a kan abin karyawa.

"Alhaji, me ya haɗa ka da Tsohuwa? Ta kira ta ce ta sauka lafiya, amma muryarta ba yadda na saba ji ba."

Ya ba ta labari a taƙaice, yana jiran ta taya shi jin haushi. Sai ta ce, "To ka je mana. Tsiga ai ba nisa. In bai yi amfani ba ka gaisa da 'yan uwa."

"In bar Turawan da suka ƙirƙiro wasan, in tafi gonar dawa neman ilimi? Haba Hajiya."

"Turawan dai sun ci min madubi," ta ce, ta kwashe kofuna.

Gaskiya ɗaya ce, maganar ta tsaya masa a rai. Ranar Juma'a da hantsi, da ya tabbatar babu kowa a fili, ya sunkuya ya dubi ƙasa. Tabon yana nan inda ta ce, a bayan ƙwallo, kowanne. Ya waiga hagu da dama, ya ɗora nauyinsa a ƙafar gaba, ya sassauta riƙo, ya buga. Ƙwallo ta fita a karkace ta shige ciyawa. Ya sake, ta sake karkacewa. Jikin da ya yi shekara arba'in da biyar bai yi sara ba ai ba a bugu biyu yake tunawa ba. Amma Manaja daɗi ya ji da abin bai yi ba.

"Na faɗa," ya ce shi kaɗai. "Maganar ƙauye." Ya ciro waya ya koma wa Turawansa.

A makonnin da suka biyo baya Abdussamad ya yi wuyar gani. Mutumin da kullum da sassafe yana fili kafin ya buɗe kanti, yanzu sai a yi kwana huɗu ba a gan shi ba. Manaja ya fassara abin yadda ya yi masa daɗi.

"Yaron ya tsorata," ya ce wa Alhaji Jibril. "Ka fara neman wanda zai sanar da shi a hankali cewa ba shi zai tafi ba, kada ya ji kunya."

Ranar da Abdussamad ya leƙo, Manaja ya ga ya yi baƙi, wuyansa ya ƙone, tafin hannunsa duk bororo.

"Kai kuma lafiya? Kantin magani ne ya koma maƙera?"

Abdussamad ya yi murmushi ya rusuna. "Lafiya lau, Manaja. Dama ina son in same ka. Maganar nan da Inna, ƙanwarka, ta yi rannan, wallahi da za ka..."

"Kai ma ka fara?" Manaja ya ɗaga masa hannu. "Ka ji da kanka. Saura kwana goma."

Abdussamad ya ɗauki jakar sandunansa ya matsa can gefe.

Asabar ɗin ta zo. An yi ruwa ranar Juma'a, ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta yi kore shar, kwarin rami na shida ya cika da ruwa. 'Yan kulob kusan ashirin suka fito kallo, har da waɗanda rabonsu da fili tun azumi. Manaja ya iso cikin farar riga da hular rana, sababbin sanduna suna ƙyalli. Alhaji Jibril ya riƙe takarda da biro don rubuta bugun kowa.

Aka ba Manaja girmansa, shi ya fara. Bugun farko ya yi dama-dama, aka tafa masa. Abdussamad ma ya buga nasa, suka taka zuwa tsakiyar fili inda ƙwallayen suke kwance a ciyawa. A nan ake gane mai hannu, don babu abin da ya ɗaga ƙwallo daga ƙasa.

Manaja ya buga, ƙarfe ya ci ƙasa, ƙwallo ta yi rabin tafiyar da ya so.

Abdussamad ya tsaya a kan tasa. Ya riƙe sandar sakwa-sakwa. Ya ɗaga ta ba gaggawa, ƙafarsa ta gaba ta danne ƙasa, sannan ƙarfen ya sauko. Tas! Ƙwallo ta tashi sama ta miƙe, ta sauka kusa da rami. Wani ɗan yankin ciyawa ya yi tsalle ya faɗi a gaba. Manaja ya dubi tabon. A gaban inda ƙwallon take yake, ba a baya ba.

Bai san a ina ba, amma ya san wannan takun.

"Sa'a ce," ya ce a ransa.

A rami na biyu sa'ar ta sake zuwa. A na uku ma haka. Ba wai kowane bugun Abdussamad ne yake fita daidai ba, sau biyu ya kauce ya shiga ciyawa, sau ɗaya ya wuce rami da nisa. Amma ƙarar ba ta canza ba, kuma ƙwallo ba ta fasa tashi ba. Abin da ya riƙe Manaja shi ne daɗewa a wasan. In an zo kusa da rami, inda ake tura ƙwallo a hankali a kan yashi, ya fi Abdussamad ido da natsuwa. Da suka gama rami na biyar bugu biyu kacal ne tsakaninsu.

Sai ga kwari.

Abdussamad ya taka, ya saki ƙarfe, ƙwallo ta ƙetare ruwan ta sauka a tudu. Mutane suka yi kabbara da tafi.

Manaja ya goge hannu a wando. Ya dubi ruwan, ya dubi ƙwallo. Duk muryoyin Turawan wayarsa suka taso masa lokaci guda, mai kafaɗa da mai yatsu da mai kafe kai. A ƙarƙashinsu kuma ya ji wata murya da ya sani tana cewa ƙafar gaba, Yaya. Ya ji ta sarai. Amma ga mutum ashirin a tsaye, huɗu daga cikinsu suna nan ranar da ya kore ta. Ya damƙe sanda, ya jingina baya, ya kawo bugu da duk ƙarfinsa.

Laka ta fantsama masa a farar riga. Ƙwallo ta yi tsalle biyu ta faɗa ruwa, tsulum.

Ya ajiye wata. Wannan karon ya sami saman kanta, ta ruga a ƙasa ta bi 'yar uwarta. Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Ta uku ce ta ƙetare da kyar.

Sauran ramuka ukun tafiya ce kawai aka yi. A ƙarshe Alhaji Jibril ya tara lissafi a gaban kowa. Abdussamad bugu arba'in da uku, Manaja hamsin da ɗaya.

"Gurbi na huɗu na Abdussamad ne," ya ce, bai ɗaga kai daga takardar ba.

Manaja dai dattijo ne, ya san abin da ya kamata. Ya miƙa wa Abdussamad hannu a gaban jama'a ya ce Allah ya sa alheri. Da mutane suka watse zuwa rumfa, ya riƙe shi a baya.

"Faɗa min gaskiya. Wa ka samu? Wani ƙwararre ka ɗauko daga Kaduna?"

Abdussamad ya sunkuyar da kai. "Inna ce, Manaja. Ƙanwarka."

Abdussamad ya ci gaba.

"Rannan da na raka ta mota, na ce mata ciwon da ta faɗa ni ma shi ke damuna. Ta ce ita ba ta san wasanku ba, sara kawai ta sani, in ba na jin kunya in zo Tsiga. Safiya goma sha biyu na yi ina zuwa. Da na idar da asuba sai in kama hanya. Ɗanta Haladu ya ba ni sungumi, ita kuma ta biyo ni da ƙwaryar iri."

"Da gwiwar tata?"

"Da gwiwar. Kuma wallahi ba ta da sauƙi. In rami bai yi mata ba, ba ta faɗa, ba ta zuba iri. Tsayawa kawai take yi a kansa har sai na dawo na sake. Ranar farko layi ɗaya ya ci min awa biyu, yaran gidan suna ta dariya. Magana ɗaya take maimaitawa, taka, sannan ka saki. Da muka gama gonarta muka shiga ta Haladu, muka shiga ta maƙwabta. Wajen kwana na takwas na daina tunani, hannun ya riƙa yi da kansa. Da na dawo na riƙe sanda sai na ga abu ɗaya ne. In ka sare ta ƙasa, ita da kanta take tashi."

Sannan ya ƙara da cewa:

"Akwai abu ɗaya kuma. Kullum sai ta sa a fito da sungumi biyu. Ɗaya a ba ni, ɗaya a jingine a gindin ɗorawa. Na tambaye ta na waye, ta ce na Yaya ne, ko zai zo."

Manaja ya juya ya nufi motarsa, bai bi ta rumfa ba. Ya zauna a ciki da rigarsa mai laka, ƙofa a buɗe. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, kuma ba ta faɗuwar wasa ba ce. Ya ciro waya ya nemi lambarta. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, yana jin kukan awaki a bayanta.

"Salamu alaikum, Yaya. Lafiya dai?"

"Lafiya. Ya gwiwar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya wasan naku? Yau ne ko?"

"Yau ne. An cinye ni."

"Ayya. Sannu, Yaya."

Ya yi gyaran murya sau biyu. "Tsohuwa, abin da na yi miki rannan ban kyauta ba. Ki yafe min."

"Haba Yaya, ya wuce tun a tasha."

"Ina son in zo gobe. In yi layi biyun nan da kika ce."

Da ta yi magana babu gori a muryarta ko kaɗan, labarin gona kawai take ba shi.

"Ka zo mana, mu gaisa. Amma shuka ai mun gama, Yaya. Dawa ta fito, har mun shiga noman firi, muna cire ciyawar farko. Babu sauran inda za a sara. Sai baɗi, in muna da rai."

"To," ya ce. "Allah ya kai mu."

Shekararsa sittin da biyar a lokacin. Mako biyu bayan haka motar Zariya ta tashi da mutum huɗu, shi yana gida.

Darasi: Kada ka auna gyara da tufafin wanda ya kawo shi, ko da yawan karatunsa. Wanda ya san ka tun kana ƙarami yakan ga kuskuren da baƙo ba zai gani ba, kuma abin da kake jin kunyarsa a asalinka wataƙila shi ne maganin matsalarka ta yau. In an miƙo maka gyara ka karɓa a lokacinsa, domin in ka ƙi, wani mai sauƙin kai zai karɓa, ita kuma dama ba ta tsayawa jiran kowa. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman wanda kuka san yana da wata Tsohuwa a gida da ya daɗe bai saurara ba.